Riƙon Agola da Haƙƙin Uban da Ya Yi Nisa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a garuruwanmu akwai gidaje da yawa da yaro ke tashi hannun mijin uwarsa. Ubansa ya saki uwar ya tafi cirani Libiya ko Aljeriya ko Abijan, shekaru sun shuɗe babu saƙo babu aike. Wanda ya auri uwar shi ke ciyarwa da tufatarwa da kaiwa likita. Ranar da za a sa yaro lakwal sai a nemi takardar haihuwa, sai zuciya ta raya wa mai riƙo ya rubuta sunansa a gurbin uba. Muna kira gare mu da mu san hukuncin Allah kafin mu sa hannu.

Riƙon agola aikin lada ne, Annabi (SAW) da kansa ya yi shi. Da ya auri Ummu Salama a shekara ta 4 bayan hijira, ya karɓi marayun Abu Salama, har ya koya wa Umaru ɗanta ladubban cin abinci, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Duk da haka ba a taɓa cire sunan Abu Salama daga kansu ba. Zaidu ɗan Harisa kuwa an jima ana kiransa ɗan Muhammadu, har aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka sauka suka soke wannan al'ada, suka yi umurni a riƙa kiran kowa da sunan mahaifinsa.

Dalilin hanin shi ne hukunce-hukunce masu nauyi sun rataya ga nasaba. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, ubansa na jini yake gado. Idan takarda ta ba shi rabo, an ci haƙƙin magada, shi kuma an raba shi da nasa. Haka aure: ɗiyar matarka da ka tare da ita ta haramta gare ka har abada, bisa aya ta 23 ta Suratun Nisa'i, amma ɗanka na wata mata yana iya aurenta idan babu shayarwa tsakaninsu. Idan kuma aka ɓoye asali, wata rana yaro na iya neman auren ƙanwarsa uba ɗaya bai sani ba.

Dokar Faransa tun 1966 tana da irin riƙon da ke yanke yaro daga danginsa na asali baki ɗaya. Shari'a ba ta yarda da wannan ba, abin da ta tanada shi ne kafala, wato ɗaukar nauyin yaro ba tare da sauya nasabarsa ba. Dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 a kan haka ta ginu, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara ta ambaci kafala da sunanta.

To, uban da ya yi nisa fa? Nasaba ba ta faɗuwa, amma wasu haƙƙoƙinsa suna iya fita hannunsa. A mazhabar Malikiyya, reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare gidan miji. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa. Muhtasar na Halilu ya bayyana cewa wanda ke da haƙƙin karɓa, in ya sani ya yi shiru shekara guda, haƙƙinsa ya faɗi. Idan uba ya yi nisa ƙwarai ga ɗiya ta isa aure, alƙali ne ke aurar da ita. Ciyarwa kuwa tana nan a wuyansa muddin yana da hali. Saboda haka hanya ita ce a kai magana gaban alƙali da shaidu, kada a rubuta ƙarya a ofishin magajin gari.

Mai riƙon da ke tsoron a wulaƙanta agolansa bayan ransa yana da ƙofa biyu: ya yi masa kyauta yana da lafiya, ya kuma miƙa masa ita a hannu, ko ya yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Kada kuma a riƙa yi wa yaro gori da kalmar agola, ko a bambanta kwanonsa da na ƴaƴan gida.

Ku kuma iyaye maza da ke cirani, ku ji tsoron Allah. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda ƙafarsa ba ta iya zuwa, ya aiko da abin da ya samu, ya kira ya ji muryar ɗansa, domin za a tambaye shi a kansa ranar alƙiyama.

Allah Ya saka wa masu riƙo da alheri, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.