Haƙƙin Daji a Kan Mai Ziyara: Tsokaci Daga Duwatsun Abuja

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ba a shiga daji sai da dalili. Maharbi kan shiga domin nama, mai itace domin makamashi, makiyayi domin ciyawa, mai magani kuwa domin saiwa da ɓawo. Wanda duk aka gani yana gararamba a dawa, ba gatari, ba baka, ba sanda, akan ɗauka ko ya yi ɓatan kai, ko kuma iska ta taɓa shi. Hatta a tatsuniyoyinmu, dawa gidan zaki ne da kura da giwa, inda ɗan Adam kan shiga da tsoro ya fita da hanzari. To, sai ga shi zamani ya zo da wata sabuwar ɗabi'a. A birnin Abuja, musamman ranar Asabar da sassafe, akan ga ayarin ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, maza da mata, sun nufi duwatsun Katampe ko Mpape ko Ushafa, ba su neman komai illa su taka dutse, su shaƙi iska, su ga tsuntsu ko biri, su komo gida hannu rabbana. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: wanda ya je daji domin kallo kawai, bai sare ba, bai harba ba, shin akwai wani haƙƙi a wuyansa? A ganinmu akwai, kuma nauyin haƙƙin ya fi yawa bayan ya koma gida a kan lokacin da yake bisa dutsen.

Abin da Mai Ziyara ke Samu

Kafin a yi maganar bashi, ya kamata a san abin da aka karɓa. Ƙasar Abuja tana tsakanin sararin Arewa da kurmin Kudu, saboda haka ta ɗebo daga kowanne. A gindin duwatsunta akwai kaɗanya da ɗorawa da maje da kirya, a bakin rafukanta kuwa akwai duhuwar da rana ba ta cika ratsa ta ba. Wanda ya yi sammako, kuma ya iya bakinsa, zai iya ganin rema tana shan hantsi a kan falalen dutse, ko jan biri ya gilma, ko kazar dutse ta kira 'yan'uwanta, ko cilakowa ta tashi daga wannan reshe zuwa wancan. Naman daji ba ya fitowa domin muƙamin mutum. Babban darakta da masinjansa duk ɗaya ne a wurin rema: wanda ya fi haƙuri da shiru shi zai gan ta. Wannan shi ne darasi na farko.

Darasi na biyu kuwa dutsen kansa ke bayar da shi. A gindin Dutsen Aso aka gina fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli. Dutsen yana nan lokacin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa tsohuwar Abuja a shekarar 1828, wato garin da ake kira Suleja a yau. Yana nan Turawa suka zo suka tafi, yana nan gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma shugabanni nawa suka shiga fadar nan suka fita, shi ko gezau. Wanda ya hau tudu ya hango gidajen Maitama sun koma kamar kwalayen ashana, in dai yana da zuciya, zai sauko da ƙanƙan da kai fiye da yadda ya hau. Ashe ke nan mai ziyara bai dawo hannu rabbana ba. Ya ɗebo natsuwa da lafiyar jiki da wa'azin da ba a yi masa da baki ba, kuma masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Baƙo da Mai Gida

Haƙƙi na farko na mutanen wurin ne. Lokacin da Janar Murtala Muhammad ya bayyana wa 'yan ƙasa, a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, cewa an amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta a gina sabon babban birni a tsakiyar Nijeriya, an yanki ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar shi ne wurin ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar nan. Amma kuwa yana da masu shi: Gbagyi, waɗanda Bahaushe ke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro sunayen ƙauyuka ne tun kafin su zama sunayen unguwanni. An tashi wasu, an bar wasu a tsakiyar birnin da ya girme su a dukiya, kuma har yanzu maganar diyya da sake matsuguni ba ta mutu ba.

Saboda haka dutsen da ɗan birni ke ɗauka wurin motsa jiki, ga wani mafakar kakanninsa ne a zamanin hare-haren neman bayi, ko makabartarsu, ko wurin da suke girmamawa a al'adance. Turbar da yake bi, matan ƙauye ne suka fitar da ita da tafin ƙafa, suna ɗauke da itace a kafaɗa kamar yadda aka san matan Gbagyi. Baƙo, in ji Bahaushe, ko yana da ido makaho ne. Maganin wannan makanta shi ne sallama da tambaya: a gaida dagaci, a nemi ɗan jagora daga ƙauyen a biya shi haƙƙinsa, a kauce wa shuka, kada a ɗauki hoton mutum sai da izninsa. In ba haka ba, duwatsun nan za su zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Ba mu ne farau ba a wannan matsala. Gandun Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe a 1872 kuma ake ɗauka shi ne irinsa na farko a duniya, sai da aka nesanta 'yan asalin wurin daga gare shi kafin masu yawon buɗe ido su ce sun sami dajin da ba kowa.

Ido Yana Yabo, Hannu Yana Ci

Haƙƙi na biyu na dajin ne kansa, kuma a nan ne tambayar ta fi tsauri. A Mpape akwai wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, wanda ya yi suna a shekarar 2020, jama'a suka riƙa tururuwa suna ɗaukar hoto a bakinsa, har sharar robobi da ledoji ta sa wasu 'yan sa-kai suka fito kwashewa. Wurin yana da ban sha'awa, babu musu. Amma mene ne shi in ba tabon rauni ba? Dutse ne aka cinye domin a yi tituna da benaye. A watan Satumba na 2018, da ƙasa ta yi motsi a Mpape da kewayenta, hukuma ta dakatar da fasa dutse na ɗan lokaci, sa'an nan ne da yawa suka tuna cewa birnin a kan wani abu yake zaune.

Haka abin yake ga itatuwa. Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyoyin shiga Abuja, jiya kirya ce da kaɗanya. Naman dajin da ake ci a wuraren shaƙatawa, shi ne gadar da aka je nema da ido ba a gani ba. Ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta, ta yi ƙarancin da tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Mutum ɗaya zai iya yaba wa daji ranar Asabar, ya saye shi buhu-buhu ranar Litinin, ba tare da ya taɓa riƙa gatari ba. Wanda ya sare da wanda ya saya igiya ɗaya ta ɗaure su. Ruwan famfon Abuja ma daga madatsar Usuma yake zuwa, can kusa da Ushafa, kuma itatuwan tuddan da ke kewaye da ita su ne ke riƙe ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta ya cike tafkin da laka.

Hanzari Biyu

Wani zai ce wannan damuwar mai ƙoshi ce. Birni ba ya ginuwa sai da tsakuwa, matar da iskar gas ta fi ƙarfin aljihunta kuwa ba za ta dafa tuwo da kallon tsuntsu ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mu ɗora laifi a kan mai neman abin sawa a baka ba. Sai dai kakanninmu ma sun ci daji, amma da ƙa'ida. Farauta aikin rani ce, manomi kan share gona ya bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye, kuma akwai Sarkin Dawa da ake jin maganarsa. Abin da ya sauya shi ne yawan bakin da ke ci da kuma rashin mai cewa ya isa. Wa ya fi cancanta ya ce ya isa, in ba wanda ya gani da idonsa ba, kuma yake da ilimi da murya, wataƙila ma takardar rabon filin ta teburinsa za ta bi?

Wani kuma zai ce, to a bar dajin mana, kowa ya zauna gida. Tarihin kwanan nan ya amsa wannan. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sunan da ake tsoro. Dajin Kamuku na Birnin Gwari da na Rugu a Katsina sun ga irin wannan ƙaddara. A Abuja ma, sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 sun nuna cewa tudun da mutanen kirki da hukuma suka juya wa baya ba ya zama kango, wani ne zai tare a ciki. Ba muna cewa kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba, domin tafiya cikin ayari da neman shawarar mutanen gari da jami'an tsaro wajibi ne. Abin nufi shi ne, wurin da ake zuwa shi ake sani, wanda aka sani kuwa shi ake jin zafin rasa shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu iya cewa mai ziyarar daji yana da matsayi biyu: baƙo ne yayin da yake can, shaida ne bayan ya dawo. A matsayin baƙo, ladabi ya hau kansa: ya yi sallama, ya rage murya, ya komo da robarsa da ledarsa, kada ya rubuta sunansa a jikin dutsen da ya girmi zuriyarsa. A matsayin shaida kuwa, ba shi da sauran uzurin cewa bai sani ba. Idan aka yanka gefen tudu aka sa masa lambar fuloti, ko aka toshe rafi da ginin da gobe zai jawo ambaliya irin wadda ta auka wa wani rukunin gidaje a Lugbe a watan Yuni na 2023, shirunsa ba ɗaya yake da na wanda bai taɓa zuwa ba.

Dutsen Zuma, wanda ke bakin hanyar Kaduna cikin Jihar Neja, yana jikin tsohuwar takardar naira 100, ya sha yawo daga aljihu zuwa aljihu. Hoton dutse ba ya buƙatar mai tsaro, amma kurmin da ke gindin dutse da remar da ke kogonsa suna buƙata. Mu da muke koyar da adabi muna karanta wa ɗalibai tatsuniyar kurege da bushiya, kuma a kowace shekara ana samun ƙarin waɗanda ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk ranar da dabbobin nan suka ƙare, wani yanki na harshenmu da karin maganarmu zai bi su, domin kalmar da ba ta da abin nunawa ba ta daɗewa a baki. Amana ce aka ba mu, kuma na baya za su tambaya.