KAREN FARAUTA: HALASCIN MALLAKA DA NAUYIN AMANA

Ga wata tambaya da ta kamata mu tsaya a kanta: idan shari'a ta halatta mana mallakar wata dabba, shin ta sakar mana mara ke nan mu yi da ita yadda muka ga dama?

Duk wanda ya san ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona, mafarauta kan bi fadamun Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi da karnukansu, suna neman zomo da zabin daji da makwarwa. Musulunci bai hana wannan ba. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar da aka koya wa farauta ta kamo, idan an ambaci sunan Allah. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai fa wanda ya ajiye shi don farauta ko kiwo ko gona. Shaihu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ƙara sharaɗi a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu: farautar ta kasance ta neman abinci, ba ta wasa ba.

To, izinin yana rataye ne da bukata, bukatar kuwa tana tafe da nauyi. Mu ɗauki misali daga ƙasashen Turai. A Ingila da Sikotilan da Ayilan akwai jinsin karen farautar tsuntsaye da suke kira seta. Idan ya sansano tsuntsu a cikin ciyawa ba ya afka masa, sai ya ƙame wuri guda yana fuskantarsa har maharbi ya iso. An yi ƙarnoni ana zaɓen irinsa don gudu da juriya, saboda haka masu kiwonsa sun san dole ya sami fili ya yi gudu kowace rana, in ba haka ba ya shiga ƙunci da ɓarna. Wanda ya ɗauko irin wannan kare mai dogon gashi don alfahari, ya ɗaure shi a turke cikin zafin bazarar Maraɗi, ya ajiye abin da ba ya bukata, ya kuma azabtar da rai.

Amma kada mu yi nisa. Sau nawa muke ganin karen da ya wuni yana gudu a daji, ya dawo an raba nama an manta da shi? Damina na faɗuwa sai a sake shi ya bi juji, kaska na cinsa, yara na jifansa, sai rani ya zagayo a tuna da shi. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Idan karen kan hanya ya zama sanadin gafara, ina ga wanda ya yi mana aiki?

Haƙƙinsa a bayyane yake: abinci, ruwa, inuwa, magani, da horo ba tare da azaba ba. Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Don haka allurar rigakafi a wurin malaman dabbobi tana cikin amana. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti. Daji ma yana da nasa haƙƙi: a Nijar an kafa dokar farauta da kare namun daji a 1998, kuma mai kashe tsuntsuwa a kan ƙwanta jikokinsa yake cuta.

Mallakar ɗan Adam aro ce. Mai ita zai tambaya. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin kare ba, barinsa ya fi masa alheri. Allah ya sa mu cikin masu jin ƙai, amin.