Bayan Baƙo Ya Tafi, Wa Zai Yi Jinya?

Kowace shekara ikilisiyoyin Amurka da na Turai sukan aiki likitoci, da nas-nas, da ɗalibai, su yi mako ɗaya ko biyu suna ba da magani kyauta a ƙananan asibitocin ƙauye da gidajen marayu, a Haiti, da Uganda, da ƙasarmu kuma. Mu ma yanzu mukan cika mota da magani mu nufi ƙauyuka. To, 'yan'uwa, bari mu tambayi kanmu: wanda ya zo ya tafi cikin kwana goma, taimako ya yi, ko kuwa zuciyarsa kaɗai ya sanyaya?

Kada mu rena aikin nan. Tsohon da yana ta rufe masa ido, in gwanin likita ya yi masa aiki yau, gobe sai ya ga jikokinsa. Amma ba kowace cuta ke warkewa haka ba. Mai tarin fuka sai ya sha magani wata 6, in kuwa ya bari a tsakiya, cutar takan komo ta ƙi jin magani. Mai hawan jini yana bukatar magani muddin ransa. Idan muka ba shi na wata ɗaya muka tafi, wa zai ba shi na wata na biyu? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da daɗi, amma ba ta nuna gero.

Akwai kuma ɗalibin da ba a yarda ya ɗinke rauni a ƙasarsa ba, ya zo ƙauye yana ɗinki. Jikin talaka ba wurin koyon aiki ba ne. Allah ɗaya ya yi su duka.

Zancen gidan marayu ya fi nauyi. Masu bincike sun tarar yawancin yaran da ke irin gidajen nan a duniya, wajen 8 cikin 10, suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya kai su can. A shekara ta 2010, bayan girgizar ƙasa ta Haiti, aka kama waɗansu Amurkawa 10 'yan ikilisiya za su ƙetare iyaka da yara 33, aka kuwa iske yawancinsu iyayensu suna nan. Ko yaron da ya ke maraya na gaske, idan wannan ya rungume shi yau ya tafi, wancan ya zo jibi ya tafi, me zai koya in ba cewa ƙauna ba ta daɗewa ba?

Shin, sai mu zauna a gida ke nan? A'a. Mu tuna da Basamariyen nan na cikin Luka 10. Shi ma matafiyi ne, kwana ɗaya ya yi. Amma bai bar mai rauni a bakin hanya ba. Ya danƙa shi a hannun mai masauki, ya ba da dinari biyu, ya yi alkawari zai komo ya biya saura. Mai masaukinmu shi ne malamin asibiti da ungozoma da ke zaune a ƙauyen rani da damina. Asibitin Galmi na Nijar, wanda aka buɗe a 1950, baƙi da yawa sun yi aiki a ciki sun tafi, amma aikinsu bai lalace ba, gama akwai masu zama.

Saboda haka kafin mota ta tashi, bari dattawan ikilisiya su yi tambaya uku. Mutanen wurin ne suka kira mu? Kowannenmu ya iya aikin da zai yi? A hannun wa za mu bar majinyata? Kuɗin da za mu kai gidan marayu kuwa, mu duba ko zai iya taimakon gwauruwa ko kaka ta riƙe yaron a gida. Ubangiji ya ba mu ƙauna irin wadda ke komowa.