Komai Ƙanƙantar Allura

Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah na je gaida gwaggona a cikin birnin Zariya. Na same ta a bakin ƙofar ɗakinta, ta zazzage gwangwanin ɗinkinta a tabarma tana ta birkita kaya kamar wadda ta yar da zinare. Sallamata ma sama-sama ta amsa. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta ce, "Shuɗin nan nake nema, ɗan nan."

Hula ce a cinyarta, aiki ya ci fiye da rabi. Mai ita ya ba da kafin alƙalami tun cikin Sha'aban, kuma da ita yake son zuwa Idi. Ƙulli huɗu na zaren ta saya, uku sun shiga hula, na huɗun ya yi layar zana. Sai da ta buɗe littafinta sannan ta tuna. Mako uku da suka wuce maƙwabciyarta ta aiko yaro: "Wai in ji Umma, ki ara mata almakashi da allura da shuɗin zare, za ta kama rigar makaranta, yanzu za a dawo da su." Aka tura jika ya karɓo. Almakashi ya dawo. Allura an ce ta faɗi. Zare kuwa yara sun ɗaure ƙafar fara da shi suna wasa, sauran ya cukurkuɗe an share da shara. Can sai ga matar da kanta ta leƙo, da fara'arta, ba alamar kunya: "Haba Hajiya, har da aike? Zare ne fa kawai."

Tun ranar maganar nan take yi mini yawo a ka. Halin ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya san shi, aro ba mayarwa. Wanda ya ci bashin kuɗi yana da shaidu a kansa, yana da alƙali, in ya hango mai kuɗin ma yakan sauya hanya. Shi kuwa mai cinye ƙananan kaya, a gabanka zai zauna yana hira, don a ransa bai yi komai ba. Ɓarawo dai ya san shi ɓarawo ne.

Bari in faɗi abin da ke cikin gwangwanin nan, don wanda bai taɓa leƙa shi ba zai ɗauka tarkace ne. Gwangwanin biskit ne mai faɗi, irin na tsarabar alhazai, fentinsa duk ya koɗe. Allurai suna soke a jikin wani ƙyallen bargo, a jere, daga siririyar allurar hula har zuwa basilla, kuma da damina takan ɗiga wa ƙyallen man keke saboda tsatsa. Maɓallai suna cikin kwalaben magani, manya daban, ƙanana daban. Kowane launin zare yana ledarsa tare da 'yar takardar da ke ɗauke da lambarsa. Akwai wani maganaɗisu da aka ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo. Kullum da yamma kafin ta naɗe tabarma sai ta bi ƙasa da shi, sannan ta ƙirga: in bakwai ta fitar da safe, bakwai za su koma, don gidan akwai jikoki masu rarrafe. Sai littafin, irin na 'yan firamare, da ajami take rubuta shi. Kowace hula da shafinta: mai ita, awon kansa, ko 22 ko 23, abin da ya biya, sannan silin kowane zare da aka sa a ɗinke a gefen shafin. Shafukan baya kuma na aro ne. Wa ya karɓa, me ya karɓa, ranar wace kasuwa.

Matan unguwa suna yi mata dariyar littafin nan. Sun ce ta cika ƙididdiga, har allura sai an rubuta. Ni ma na taɓa yi.

To ga abin da "zare ne fa kawai" ya jawo. Da azumi a bakina na hau mashin zuwa Sabon Gari da silin zaren a aljihu. Zaren surfani na kamfani, irin su Anchor da DMC da sauran da suka cika kasuwa, da lamba ake gane launinsa, kuma na samu lambar da nake nema. A cikin shago ban ga bambanci ba. Amma lamba ɗaya ba ta nufin rini ɗaya. Ko masu rini na Ƙofar Mata a Kano, da ake cewa tun 1498 karofinsu ke aiki, sun san zanen da aka tsoma yau da wanda aka tsoma wani makon ba lalle shuɗinsu ya zo ɗaya ba. Shi ya sa mai ɗinkin hula take sayen zaren hula guda a rana guda, a hannu guda. Da Gwaggo ta gama aikin aka fito da hula rana, sai ga shuɗi biyu, na sama ya ɗan fi na ƙasa haske. Wanda bai san hula ba ba zai lura ba. Mai ita ya san hula. Ya karɓa don kunya, ya rage kuɗi, har yau bai sake kawo aiki ba. Aikin wata guda ke nan da idon tsohuwa mai tabarau.

Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Yawanci a kan mutum ake kawo karin maganar, kada ka raina yaro ko talaka. Ni kuwa so nake a tsaya a kan allurar kanta, don ina ganin waɗanda suka fara faɗar maganar sun san darajarta fiye da mu. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma cikin hajar da ya lissafa ana ƙetaro Sahara da ita a bayan raƙuma har da allura. Shi kansa a wasu wuraren da allura ya riƙa sayen abinci. Abin da aka yi wata da watanni ana ɗauko shi a hamada ba za a bar shi ya faɗi a tsakar gida a ce ba komai ba. Yau allura ta yi arha, sai muka ɗauka amanar da ke tare da ita ma ta yi arha. Kuma har gobe akwai waɗanda ita ce dukan jarinsu. Da aka kori mutanen Bama daga garinsu a 2014, mata da yawa sun isa sansanonin Maiduguri ba gona ba dabba, abin da suka tsira da shi sana'ar hannunsu ce, ɗinkin hular nan da ta yi wa garin suna. Je ka ce wa ɗaya daga cikinsu zare ne fa kawai.

Harshenmu ma ya riga ya raba gardama, mu ne muke yi kamar ba mu ji ba. Aro daban, rance daban, kyauta daban. Abin da aka ara, shi ɗin nan za a mayar, kamar tsani ko turmi ko almakashi. Abin da ake ranta kuwa cinye shi ake yi a biya da irinsa, kamar mudun gero. To ta yaya ake aron zare? In kin ɗinka shi a riga, warware shi za ki yi ki dawo da shi? Wadda ta aiko a ara mata zare ta san ba aro take nema ba. Kyauta take so, amma ba ta son nauyin roƙo, ba ta kuma son nauyin godiya, sai ta laƙaba masa sunan aro ta sa a bakin yaro. Da ta ce "Hajiya, ki sam mini zare," da Gwaggo ta duba ta ba ta ragowar wata hular da aka gama, kowa ya huta. Kalmar "yanzu za a dawo da shi" ita ta sa aka miƙa ƙullin da ake buƙata.

Almakashin da ya dawo ma gara a ce bai dawo ba. An yanka kwali da shi, an datse waya, bakinsa ya yi gibi biyu. Da ta sa shi a yadi sai ya riƙa tauna maimakon yanka. Duk mai ɗinki ta san almakashin yadi na yadi ne kaɗai, takarda ma dakushe shi take yi. A nan kam ba maƙwabta kaɗai ba, mu mazan gida mun fi kowa laifi. Maigida zai ɗauka ya rage gemu, ya gyara wayar fanka, ya ajiye a kan taga. Tef ɗin awo ya tafi wurin magina ya dawo da siminti. In matar ta yi magana a ce ta cika mita, alhali shi ko sifana ɗaya aka taɓa a but ɗin motarsa sai gidan ya ɗauki zafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda masu wannan hali suka iya jawo addini. Kana ɗan jinkirta ba su, sai a tuna maka da Suratul Ma'un. Gaskiya ne surar ta zargi masu hana ƙananan kayan amfani, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a zamanin Annabi (SAW) suna ɗaukar aron guga da tukunya cikin abin da ake nufi. Ba mai musun wannan. Amma me ya sa karatun yake tsayawa a nan? A shekara ta 8 bayan Hijira, da za a fita yaƙin Hunaini, Annabi (SAW) ya ari sulkuna a wurin Safwan ɗan Umayya, wanda a lokacin bai ma musulunta ba. Safwan ya tambaya ko ƙwace ne, aka tabbatar masa aro ne mai lamuni. Da wasu suka ɓace a yaƙin, aka yi masa tayin biya. Bayan yaƙin nan ne kuma aka umarci jama'a su dawo da duk abin da suka ɗauka daga ganima, har allura da zare aka ambata, wani mutum ya taso da ɗan curin zaren gashi da ya ɗauka don gyaran shimfiɗar raƙuminsa. Na san hukuncin ganima daban ne da na aro, malamai ba sai sun gyara mini ba. Abin da nake nuni da shi, ba a ce masa zare ne fa kawai ba.

Mai kaya ma wani lokacin da nata laifin. Akwai wadda ba ta san abin da ta mallaka ba, allura a jikin labule, almakashi a ƙarƙashin katifa, ta sayi zif iri ɗaya sau uku, in abu ya ɓace ta ɗora wa 'yar aiki. Wannan sakaci ne, kuma kanta take cuta.

Mai aro ba mayarwa kuwa unguwa guda take cuta. Ku duba yadda "wallahi babu" ta yawaita a gidajenmu, ana faɗa gwangwani yana ƙarƙashin gado. Matan da ba su iya rowa ba an koya musu, waɗanda ba su saba ƙarya ba an sa su rantsuwa a kan allura. Ranar da mabuƙaciya ta gaskiya za ta aiko, wadda wandon ɗanta ya yage ga makaranta gobe kuma ba ta da na tela, ita za ta sha "babu" ɗin da wata ta jawo. Gwaggo dai ta ƙi yarda ta yi ƙarya. Abin da ta yi, ta sayi sabon almakashi ta ɗaura masa jan ƙyalle ta sa a ƙasan adudu, wancan mai gibin kuma ya zama na aro. Ban sani ba ko wannan dabara ce ko karaya.

Ranar da na dawo daga Sabon Gari ta miƙo mini littafin in riƙe mata tana gwada zare. Ajamina ba shi da ƙarfi, amma mutum ba ya kasa karanta sunansa. Yana nan a shafin aro, layi na biyar, ba a soke shi ba: basilla ɗaya. Shekara biyu ke nan, da kaka, na karɓa zan ɗinke bakin buhunan masara. Na ce mata gobe. Ba ta taɓa tambayata ba, kuma duk zuwan da nake yi gaisuwa tana kallona. Na duba ƙyallen bargon, sai ga gurbinta a ƙarshen layi, an bar shi fili.

Kwana biyu na yi ina nema kafin in same ta a aljihun wata tsohuwar jaka, ta yi ja da tsatsa. Na so in sayi sabuwa in kai, sai na ga wannan wata ƙaryar ce. Bayan Sallah na kai mata ita yadda take. Ta juya ta a hannu, ta ce, "Ashe tana nan." Ta aika aka ɗebo toka a murhu ta goge ta, ta shafa man keke, ta soke ta a gurbinta, sannan ta lalubo fensir ta ja layi a kan sunana. Ba ta gama rufe littafin ba muka ji sallamar yaro daga zaure: "Wai in ji Umma..." Gwaggo ta miƙa hannu ta jawo mai gibin.