HOTON ƊAN TAKARA A ƘOFAR SHAGO



'Yan uwa, tambaya ce da take yawan zuwa mini daga 'yan kasuwa, musamman in kakar zaɓe ta gabato: Malam, ya halatta in liƙa fostar ɗan takarata a shagona, ko in kafa tutar jam'iyya?

Amsar fiƙihu a taƙaice take. Asalin al'amuran mu'amala halacci ne har sai an sami dalilin hani. Shagonka ne, ra'ayinka ne, ba wanda zai ce maka ka yi haram don ka bayyana wanda kake so. Saɓanin malamai a kan hoto kuma wani babi ne daban, ba shi nake nufi yau ba. Kuma ban yarda da masu cewa ɗan kasuwa ya kame bakinsa gaba ɗaya ba. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, ƙananan 'yan kasuwa da teloli da masu sana'ar hannu na cikin waɗanda suka riƙe ta, suka sha ɗauri da bulala a kan haka. Da sun ce su ciniki kawai suka sani, da talaka ya daɗe bai sami bakin magana ba.

To amma halaccin abu daban, dacewarsa daban.

Ka fara duba me fostar take faɗa. Wanda ya manna hoton mutum a ƙofarsa shaida ya bayar, yana ce wa duk mai wucewa: na yarda da wannan, ku ba shi amanarku. Ka san shi? Ka san yadda ya yi da amanar da aka taɓa ba shi? Ko dai yaransa ne suka zo da bandir ɗin fosta da ɗan abin sawa a aljihu? Akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim a kan mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama. Ɗaya mai ragowar ruwa ne a hanya da ya hana matafiyi. Ɗaya ɗan kasuwa ne da ya yi rantsuwar ƙarya a kan hajarsa bayan La'asar. Ɗayan kuma wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya saɓa. Ku lura fa, ɗan kasuwa mai ƙarya da ɗan siyasar ciki a hadisi ɗaya aka jera su. Mai shagon da ya sayar da bangonsa ga wanda bai yarda da shi ba, ina ji masa tsoron ya taɓa ɓangare biyun.

Sai maganar da ta fi damuna, wato mai saye. Matar da ta zo awon gero, ko yaron da aka aiko sayen maganin zazzaɓi cikin dare, buƙata ce ta kawo su. In fosta za ta tsaya a bango, da sauƙi. Matsalar ita ce tana saukowa ta shiga mudu da littafin bashi. Ɗan jam'iyyarmu a yi masa ragi a ɗaga masa ƙafa, na can ɓangaren a ce ba canji, ko a karɓi kuɗinsa ana masa habaici. Nan kam an bar halal an shiga zalunci. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, kuma tana magana ne har a kan abokan gaba, balle maƙwabcinka da kuke sahu ɗaya a masallaci, bambancinku launin hula.

Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Sumama bin Usal kuwa, da ya musulunta, ya rantse ba ƙwayar alkama da za ta sake zuwa Makka daga Yamama sai da izinin Annabi (SAW). Malaman sira sun kawo cewa da yunwa ta matsa wa Ƙuraishawa suka roƙa, Annabi (SAW) ya aika masa ya sakar musu abinci. Mutanen da suka kore shi daga garinsu ke nan. Kai kuma saboda ƙuri'a kake juya wa ɗan unguwarku baya?

Wani zai ce, Malam ni ba na nuna bambanci, fosta ce kawai. Madalla. To wa yake kwana da haɗarin? Mun ga abin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, ban da gidaje da shagunan da aka ƙona. A Maris ɗin 2023 ma, ranar da aka sanar da sakamakon zaɓen gwamnan Kano sai da aka sa dokar hana fita. 'Yan daba ba sa tambayar wa ya liƙa fosta. Yaron shagon da yake zaune a ciki, wanda wataƙila ra'ayinsa ma ba naka ba ne, shi za su tarar. Wuta kuma in ta kama a layi irin na Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, ba ta tsayawa a shago ɗaya. In haya kake, ginin ma na wani ne. Shari'a ba ta ba ka damar jawo wa wani cuta don ka more haƙƙinka ba.

Su kuma waɗanda ake ɓatawa dominsu fa? Ganduje mataimakin Kwankwaso ne har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, daga baya aka raba gari. Malam Shekarau a cikin 2022 kaɗai ya bar APC ya shiga NNPP, ya sake fita ya koma PDP. Ba aibata kowa nake yi ba, lissafi ne kawai. Su suna sauya sheƙa su gaisa a ɗaurin aure, kai kuma kwastoman shekara goma ya riga ya koma shagon gaba.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. Mai sayar da abin da mutane ba su da makawa sai sun saya, kamar hatsi, magani, burodi, ruwa, ya bar bangonsa fes, domin wanda ya zo wurinsa ba zaɓi ne ya kawo shi ba. Wanda ya ga lallai sai ya nuna ra'ayi, to ya zama ya san mutumin da gaske, ba a biya shi ba, ya shawarci yaransa da mai ginin, kuma kada fostar ta ƙunshi zagi ko ƙazafi ga wani. Rubutun da yake kira a yanki katin zaɓe, ko yake kuka da yawan harajin da ake ɗora wa 'yan kasuwa, wannan ban ga laifinsa ba ko kaɗan, don ya shafi kowa, mai jar hula da mai tsintsiya.

Sannan wanda shagonsa yake kusa da rumfar zaɓe ya sani, Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana nuna hoto ko alamar jam'iyya a ranar zaɓe a cikin tazarar mita 300 daga rumfar. Ya sauke fostarsa tun daren jajibiri.

Wallahu a'alam.