Gasar Ninkaya ta Yara: A Duba Yadi, Ba Zuciya Ba

Dokar kayan ninkaya da ake yi wa yara aiki da ita a gasa ba don su aka fara kafa ta ba. A gasar duniya da aka yi a birnin Rom a 2009, an kafa sabbin bajintar duniya har 43, mafi yawansu cikin wasu riguna masu roba da ke matse jiki, su riƙe iska, su ɗago mutum saman ruwa. Hukumar ninkaya ta duniya, wadda a lokacin ake kira FINA, ta ga cewa masana'anta ce ke cin gasa ba ɗan wasa ba, sai ta haramta su daga 2010. Ta ce kaya su zama na yadi, na namiji daga cibiya zuwa gwiwa, na mace daga kafaɗa zuwa gwiwa. Manufar ke nan: kada tufa ta ba kowa fifiko. Amma da dokar ta gangaro kan 'yan makaranta, sai ta faɗa kan waɗanda ba su da hannu a rigimar. Yarinya Musulma ko Bayahudiya da addininta ya umarce ta da suturta jiki, da yaro mai tabon ƙuna, da zabiyan da rana ke babbake wa fata, duk suka tsinci kansu a bakin ruwa suna kallo.

Saboda haka rangwamen da ake yi musu cika manufar doka ne. Hukumar ninkaya ta Ingila ta gane hakan a 2017, ta yarda a sa kaya mai rufe jiki duka saboda addini ko larurar rashin lafiya, muddin alƙalin wasa ya duba ya tabbatar ba ya ƙara sauri. A Amurka kuwa, dokar USA Swimming ta ba da irin wannan dama, sai dai ta gindaya sharaɗin a tabbatar da aƙidar ko ciwon. A nan ne nake da ja.

Ciwo yana da shaida. Likita zai rubuta takarda, magana ta ƙare. To imani fa, wa zai sa masa hannu? Limami ne zai shaida cewa 'yar shekara 12 da gaske take, ko kwamitin wasanni ne zai zauna ya tantance wace fahimtar addini ce ingantacciya? Wannan nauyi ne da ya fi ƙarfin kowace hukumar wasa, kuma tozarci ne a tsayar da yarinya gaban baƙi tana bayanin abin da ya sa ba za ta buɗe cinyarta ba. Abin da alƙali zai iya aunawa yana hannunsa: ya taɓa yadin, ya ga ko ruwa na ratsa shi, ya duba ko akwai roba a jikinsa.

Masu adawa suna cewa idan aka daina tambaya, maƙaryata za su fake da addini. Hujjar tana da ƙarfi a ido, amma me maƙaryacin zai samu? Rigar yadi mai dogon hannu da wando har idon sawu jan ruwa take yi, tana rage gudu. Wanda ya yi ƙarya don ya sa ta, kansa ya cuta. Wasu kuma suna tsoron cewa iyaye ne ke tilasta wa 'ya'yansu mata, wannan kuwa damuwa ce da bai kamata a yi watsi da ita ba. Sai dai hana rigar ba ya 'yantar da yarinyar nan, gida kawai yake mayar da ita, ta rasa gasa, wataƙila ta rasa koyon iyo baki ɗaya, alhali iyo fasaha ce mai ceton rai.

Hukumomin wasannin yara su tsananta bincike a kan yadi iyakar iyawarsu, su daina neman takardar shaidar imani daga hannun yaro.