Haƙƙin Mai Ƙafa Da Mai Keke A Kan Titi

 Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan hanya take, watau titin nan da ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Gwaram, da ire-irensa da suka keta garuruwanmu. Wani zai ce ina ruwan filin addini da kwalta? To, ya biyo mu a hankali.

Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san babbar hanya ta raba garin biyu. Manyan motoci da suka taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma suna bi ta nan, wasu su nufi Ningi ta Babaldu, wasu su miƙe Gwaram da Basirka. A kan wannan kwalta ɗaya ɗan makaranta yake tsallakawa da safe, da tsohuwar da ta zo dubiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da manomi a kan kekensa da damin dawa a baya, da mai amalanke. Ranar kasuwar Sara ko ta Babaldu kuwa sai wanda ya gani. Tirela da keke ba su zama tsara ba, amma ga su kafaɗa da kafaɗa.

Shari'a ba ta bar hanya haka sakaka ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana sahabbai zaman bakin hanya, da suka kawo uzuri sai ya sharɗanta musu su ba hanya haƙƙinta, cikin haƙƙoƙin kuwa har da kame cuta ga masu wucewa. A cikin Sahihu Muslim an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, shi ne ƙaramin reshe. An kuma ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya janye reshen ƙaya daga turba. To, idan ƙaya da ke huda tafin ƙafa ta kai wannan matsayi, ina ga motar da ke ɗaukar rai? Har wa yau akwai ladabin sallama, inda aka umarci mahayi ya fara yi wa mai tafiya a ƙasa. Malamai sun ce hikimar ita ce kada girman kai ya shigi wanda yake sama. Direban zamaninmu ya maye gurbin sallamar da ƙaho.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar da muke rufe baki da ita in an kaɗe yaro: ƙaddara ce. Lalle ƙaddara gaskiya ce, wanda ya musa ta ya fita daga imani. Amma ba ta taɓa zama hujjar sakaci ba, ba ta kuma kankare lamuni. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta cewa mai hawan dabba da mai janta da mai korarta suna lamunin abin da ta taka. Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar kuwa ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba azumin wata biyu ne a jere. Ashe Allah bai ɗauki kuskure abin wasa ba. Direbobi nawa ne suka san da wannan azumi a wuyansu? Iyayen mamaci suna iya yafe diyya, amma kaffara ba tasu ba ce balle su yafe.

Masana lafiya ma sun zo da abin da ya dace da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu ƙafa ne da masu keke da babur. Ta kuma nuna cewa in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Kilomita 50 ɗin nan ita ce ƙa'idar gudu a cikin gari a Nijeriya. Mai karatu ya tsaya bakin titi ya yi wa kansa hukunci.

Sai dai wa'azi ga direba kaɗai ba ya isa, domin akwai nauyin da ke kan hukuma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya gina gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Tun kafin nan ma, Annabi ya yanke cewa in an yi jayayya a kan faɗin hanya a bar mata zira'i bakwai, gwargwadon abin da zai ishi masu wucewa da dabbobinsu a wancan zamani. Auna hanya da raba ta, ashe, aikin shari'a ne.

Na san wasu ƙauyuka, in an yi musu ɓarna, fushi kan sa matasa su tara ƙasa da itace su yi tudu a tsakiyar kwalta da kansu. Niyyar mai kyau ce, amma ban ga halaccin aikin ba. Tudun da babu alama, babu fenti, mai babur zai hau shi da dare ya faɗi, kuma a fiƙihunmu wanda ya ajiye abu a hanya inda ba a yi masa izini ba yana lamunin abin da ya halaka. An gudu daga cuta an faɗa wata. Gyara da hannu a nan na mai iko ne, namu shi ne gyara da harshe da alƙalami.

Abin da za a roƙa ba mai wuya ba ne. A zana wurin tsallakawa a ƙofar makarantu da asibiti da masallacin Juma'a da kasuwa, a kafa alluna tun daga nesa, a sa tudun rage gudu irin na injiniya kafin a iso zanen, domin zane shi kaɗai ba ya tsayar da tirela. A sa fitila a wurin. Kana a gyara kafaɗar titi, wadda ruwa ya zaizaye a wurare da yawa, a shafe ta da kwalta a ware ta da layi, ta zama ta mai keke da mai ƙafa. Kada wani ya ce wannan sai Turai. Mutanen Holan da ake misali da su, a 1971 sun rasa mutum fiye da 3,000 a kan titi, yara fiye da 400 a ciki, kuma iyaye ne suka dame hukuma da koke har aka ƙara ware wa kekuna hanyoyinsu.

A nan dole in taɓa 'yan'uwana masu tebur da masu rake da masu faci. In an gyara kafaɗar titi kuka baza haja a kai, ku ne kuka tura yaro tsakiyar kwalta, kuma hadisin kame cuta da ku yake.

Shawarata ita ce limamai da masu unguwanni da shugabannin makarantu da ƙungiyar direbobi su zauna, su rubuta takarda ɗaya, su ambaci wuraren da sunayensu, su bi ta hannun hakimi zuwa majalisun ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram. A aika kwafi ga Ma'aikatar Ayyuka a Dutse da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988 domin irin wannan aiki. Inda hanya ta Gwamnatin Tarayya ce, to 'yan majalisar da muka tura Abuja su ɗauki takardar su kai. A rubuta da ladabi, ba zagi, ba tutar jam'iyya, a ajiye kwafi mai kwanan wata a hannun liman. In wata uku ya wuce shiru, a sake rubutawa, a kuma aika dattawa su bi sawu da ƙafarsu.